Makarantar Little Greenbrier: me ya hana ginin gumagumai faɗuwa, kuma yaya aka yi karatu a cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, na daɗe ina koyarwa a ƙauye. Ɗana da ke karatu a birnin Knoxville na Amurka ya turo mini hoton wani ɗaki na gumagumai a cikin daji, tsakanin tsaunuka. Ya ce makaranta ce mai suna Little Greenbrier, wai ta haura shekara 140. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Yaya ginin itace zalla, babu siminti, zai kai waɗannan shekaru? Kuma yaya malami ɗaya zai haɗa manya da ƙanana a ɗaki guda ya koyar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanka bai yi ƙarin gishiri ba. Makarantar tana gundumar Sevier ta jihar Tennessee, a cikin gandun dajin ƙasa na Great Smoky Mountains, tafiyar kamar sa'a guda a mota daga Knoxville. An gina ta a 1882, aka yi karatu a cikinta har zuwa 1936. Faɗinta ƙafa 20, tsawonta ƙafa 30, wato kusan mita 6 da mita 9. Ka ga ba ta wuce girman aji ɗaya na makarantarku ba.

Wannan yanki ƙasar 'yan ƙabilar Cherokee ce tun asali, kafin gwamnatin Amurka ta kori mafi yawansu zuwa yamma a 1838. Turawan da suka zauna a kwarurrukan tsaunin manoma ne masu ƙananan gonaki, yawancinsu jikokin baƙi daga Ingila da Sikotlan da arewacin Ayilan da Jamus. Sunan Greenbrier kuwa na wata ƙaya ce mai yaɗo da ta cika wurin. Mutanen kwarin suka nemi gunduma ta ba su makaranta, gunduma ta ce za ta biya malami in su sun gina ɗakin. Sai Gilbert Abbott ya ba da fili, Ephraim Ogle ya ba da itatuwa, maƙwabta suka fito aikin gayya, cikinsu har da John Walker, wanda za mu sake cin karo da sunansa a gaba. Gungume ɗaya daga cikin waɗanda ka gani a hoton ya fi ƙarfin mutum uku ko huɗu, shi ya sa irin wannan gini ba ya yiwuwa sai gari ya taru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle wannan.

To, sai batun ƙarko. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, tsufa kaɗai ba ya kashe itace. Ruwa ne ke kashe shi, idan ya samu wurin kwanciya. Katakon da ke bushewa bayan kowane ruwan sama zai iya yin ɗaruruwan shekaru. Wanda ya zauna da laima kuwa, naman gwari ya kama shi, shekara goma ta yi masa yawa. Kuma waɗannan tsaunuka wurin ruwa ne na gaske: a kwari ana samun kamar inci 55 a shekara, a ƙololuwa ya kai inci 85. Ruwan Kano bai kama ƙafar wannan ba. Saboda haka duk dabarar da ke cikin ginin nan, daga tushe har rufi, dabarar sallamar ruwa ce.

Ka fara da itacen kansa. Bishiyar da suka sara ita ce wadda ake kira tulif fofula, doguwa ce miƙaƙƙiya, tana tashi sama sosai kafin ta fitar da reshe, ga ta da laushin sassaƙa da rashin nauyi idan aka kwatanta da sauran manyan itatuwan dajin. A 1882 dajin bai sha sara ba tukuna, don haka bishiyoyin tsofaffi ne masu kauri, har wasu gumaguman bangon sun kai faɗin inci 25. Wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu. Faɗin gungume yana rage yawan layukan da ake buƙata kafin bango ya kai sama, kuma kowane layi da aka rage, an rage kafar da iska da ruwa za su bi. Sannan cikin tsohuwar bishiya, ɓargon nan nata mai duhu, ya fi jure ruɓa nesa ba kusa ba a kan farin naman da ke bayan ɓawo. Fofular da ake sarewa yau, mai shekara arba'in ko hamsin, rabinta farin nama ne, kuma masu gyaran tsofaffin gine-gine sun san ba ta yin kwanan da ta dā ta yi.

Ba a jera gumaguman a mulmule yadda aka saro su ba. An sassaƙe gefe biyu da wani faffaɗan gatari mai baki ɗaya, har gungumen ya zama kamar ƙaton allo mai kauri. Idan ka ƙara girman hoton za ka iya ganin sawun gatarin a jiki. Sassaƙar nan ta cire ɓawo, inda ƙwari ke fakewa, ta cire yawancin farin naman, ta kuma bar fuskar bango a miƙe yadda ruwa zai zube ƙasa ba tare da ya samu ƙugun da zai tsaya ba.

Sai kusurwa, wadda ita ce zuciyar aikin. Babu ƙusa a haɗin bangon. An yanka kan kowane gungume da siffar da masu sana'ar suke kamantawa da wutsiyar kurciya: ƙarshen ya fi wuyan faɗi, saman yankan kuma a karkace yake, gangarensa yana kallon waje. Wannan karkata tana aiki biyu a lokaci guda. Duk ɗigon ruwan da ya shiga haɗin, gangaren zai tura shi waje. Kuma nauyin da ke sama yana janyo gumaguman zuwa ciki, yana ƙara matse su. Wato ginin yana ƙara kulle kansa ne yayin da yake zama. A cikin duk hanyoyin haɗa kusurwa da aka yi amfani da su a tsaunukan Appalachia, jerin tsaunukan gabashin Amurka da wannan yanki ke cikinsu, a ganina wannan ce ta fi, kuma ita ce ta fi cin lokaci da neman gwanin hannu. Mutanen da suka zaɓe ta don ɗakin karatun 'ya'yansu ba ginin wucin gadi suka yi niyya ba.

Ragowar dabarun kai ma ka san su daga ginin ƙasa. An ɗora gungumen farko a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, iska na ratsawa ta ƙarƙashin daɓen katako. Rufin mai gangare ne sosai, na falle-fallen katako da aka tsaga, bakinsa ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa da gindi. Ratar da ke tsakanin gumagumai ana cusa mata guntayen itace, a bi da yaɓen yumɓu, idan ya zube a sake. Maginin Zariya ko Damagaram da ke duba indararo da gindin katanga kafin damina, da wanda ya gina wannan ɗaki, abokin gaba ɗaya suke yaƙa. Na san za ka tambayi gara. Akwai ta a Tennessee, sai dai sanyin hunturu yana karya mata lago, kuma duwatsun da suka raba itace da ƙasa suna wahalar da ita.

Wani abin da mutane kan yi mamakinsa: wannan salon gini ba daga Ingila ya zo ba. Turawan Ingila na farko ba su san shi ba. Mutanen Suwidin da Finlan da suka sauka a bakin kogin Delaware a 1638 su suka kawo shi, Jamusawa suka zo da nasu irin, sauran baƙi suka koya a wajensu suka shiga da shi tsaunuka.

Amma kada in ruɗe ka. Duk abin da na lissafa bai isa ya kai ɗakin nan yau shi kaɗai ba. Rufin katako ba ya wuce 'yan shekaru ashirin ko talatin, don haka wanda ke hoton ba na 1882 ba ne, an sha sauya shi. Dubban makarantu irin wannan, masu kyan gini kamarta, sun ruɓe sun koma ƙasa, saboda ranar da rufi ya fara yoyo babu mai hawa. Dalilin da ya sa wannan ta samu mai hawa, zan zo kansa, kuma labarin ba mai daɗi ba ne gaba ɗaya.

Bari mu shiga ciki tukuna, tunda nan ne sana'arka. Ƙofa ɗaya, tagogi kaɗan a gefuna, bencina a jere, baƙin allo a bangon gaba, murhun ƙarfe na itace don ɗumama ɗaki. Babu lantarki, babu famfo. A makarantun karkara irin wannan, manyan yara maza ke faskare da hura wuta, wasu su ɗebo ruwa daga marmaro. Wanda ya zauna kusa da murhu ya yi gumi, wanda ke bakin ƙofa ya yi ta karkarwa.

Sirrin koyarwar shi ne malami ba ya taɓa koyar da ɗakin gaba ɗaya. Akwai benci a gaba, kusa da teburinsa. Sai ya kira rukuni guda, yara uku ko biyar da suke mataki ɗaya a karatu, su fito su biya abin da aka ba su, ya gyara musu, ya ɗora musu sabo, su koma. Minti goma ko sha biyar, sai wani rukuni. Haka ranar take tafiya, guntu-guntu, har a tashi. Sauran kuwa kowa na kan nasa aiki a ɗan allon dutse da ake rubutu a goge, domin takarda tsada gare ta. Babbar yarinyar da ta gama lissafinta sai a ce ta zauna da ƙanana ta ja musu baƙi. Kuma matakin yaro ba shekarunsa ke yanke shi ba, littafin da ya kai ne. Saurayi ɗan shekara sha huɗu da aikin gona ya hana shi zuwa zai iya zama benci ɗaya da ɗan shekara takwas, ba wanda zai ga abin mamaki.

Na san tun ban ƙarasa ba za ka ce, ai wannan makarantar allo ce. Kamannin suna da yawa, har da na murya. A farkon ƙarni na 19 akwai makarantun karkara a wannan sashe na Amurka inda kowane yaro ke karanta darasinsa da ƙarfi, duka a lokaci guda, malami na gane mai wasa ta hanyar shirunsa. Abraham Lincoln ya yi irin wannan makaranta yana yaro. Hadda ita ce ginshiƙi: jadawalin sau, ƙa'idojin nahawu, da harhaɗa baƙaƙen kalmomi, wanda Ingilishi ke buƙata fiye da Hausa saboda rubutunsa da furucinsa ba sa tafiya tare. Gasar harhaɗa kalmomi ta zama abin nishaɗin ƙauye, iyaye ma sukan zo kallo.

Ga ra'ayina a kan tsarin, a matsayin wanda ya daɗe yana bibiyar tarihin makarantun karkara. Yana da alheri guda da aji mai shekaru ɗaya ba shi da shi: yaro yana jin darasin da ke gabansa tun shekaru kafin ya iso shi, yana kuma sake jin wanda ya wuce. Mai kaifin ƙwaƙwalwa yana tsinta ta gefe ya yi gaba, mai nauyin fahimta yana samun maimaici ba tare da an kunyata shi ba. Koyar da ƙanana kuma yana zaunar wa manya da karatunsu, wannan kowane malami ya gani da idonsa. Idan a makarantarku an taɓa tilasta maka haɗa aji biyu saboda ƙarancin malamai, dabarar rukuni-rukuni da benci na gaba ita ce abin ɗauka.

Sai dai Amurkawa suna yawan shafa wa wannan zamani zuma, kuma bai kamata mu karɓa haka nan ba. Zangon karatu gajere ne, a shekarun farko 'yan watanni kaɗan ne a shekara, ana tsara shi yadda ba zai ci karo da shuka da girbi ba. Yara na tafiyar mil da dama a ƙafa, suna tsallaka rafuka, ranar da ruwa ya cika ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya sai a zauna gida. Malamin sau da yawa matashi ne ko budurwa da ba su fi manyan ɗalibansu da wasu shekaru masu yawa ba, albashi kaɗan, kwana a gidajen iyayen yara, kuma ba kasafai suke daɗewa ba. Bulala tana aiki. Yara da yawa sun bar karatu da zarar sun iya karanta Littafi Mai Tsarki, sun iya sa hannu da lissafin kasuwa. Duk nauyin tsarin a wuyan mutum ɗaya yake: in an dace da malamin kirki ƙauye ya amfana, in ba a dace ba shekarar ta tafi a banza, babu wani aji na gaba da zai gyara. Kuma makarantar ta fararen fata ce. Tsarin mulkin jihar Tennessee na 1870 ya hana a haɗa 'ya'yan farare da na baƙaƙe a makaranta ɗaya.

Ranar Lahadi ɗakin yakan koma coci. Wata ƙungiyar Baftis masu riƙo da tsohuwar hanya ta yi ibada a ciki, kuma maƙabartarsu tana nan a gaban makarantar, a kewaye da shinge. Wataƙila ta fito a gefen hoton.

Yanzu ga yadda ta mutu. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, makarantu masu malami ɗaya a Amurka sun kusa 200,000. Hanyoyin mota da motocin ɗaukar ɗalibai su suka ci su: aka riƙa rufe ƙanana ana tara yara a babbar makaranta guda mai azuzuwa. Da Little Greenbrier ta bi wannan hanya, da yanzu wataƙila an mai da ita rumbun ciyawa, ko an kwashe gumagumanta an yi wani gini, kamar yadda aka yi wa 'yan'uwanta. Nata ajalin daban ne. Tun 1901 kamfanin katako na Little River ya shigo yankin da layin dogo yana kwashe manyan bishiyoyi, sauran kamfanoni na yin haka a wasu sassan tsaunin. Ganin dajin zai ƙare, mutanen birane irin su Knoxville da Asheville suka tashi neman a mai da shi gandun ƙasa. Majalisar dokokin Amurka ta amince a 1926, amma da sharaɗin jihohin Tennessee da North Carolina su sayi filin da kansu. Aka yi ta karo-karo, attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ba da dala miliyan 5, aka kafa gandun a 1934, Shugaba Franklin Roosevelt ya zo ya buɗe shi a watan Satumba na 1940.

Matsalar ita ce dajin ba kango ba ne. Akwai gonaki da coci-coci da kaburburan kakanni. Masu filaye sama da 1,200 ne suka tashi, wasu da son ransu suka karɓi kuɗi, wasu kotu ta tilasta musu. Mutanen Little Greenbrier suka watse, kowa ya kama gabansa. Makarantar da babu yara kuwa sai rufewa, shi ne abin da ya faru a 1936.

Hukumar gandun ta rushe ko ta bar yawancin gine-ginen da aka bari su lalace, ta zaɓi kaɗan ta adana. Kuma zaɓin nata yana da son rai a ciki. Ta fi karkata ga na gumagumai, ta kawar da gidajen katakon injin masu fenti, waɗanda a shekarun 1930 sun yi yawa a kwarurrukan. Sakamakon haka, baƙon da ya zo yau yana tafiya da tunanin cewa mutanen tsaunin sun zauna cikin rayuwar ƙarni na 19 har ranar da aka tashe su, alhali da yawansu suna aikin albashi a kamfanin katako, suna sayen kaya a kanti, wasu har da mota. A garin Gatlinburg da ke kusa, tun 1912 aka buɗe makarantar zamani ta Pi Beta Phi. Don haka hoton da ɗanka ya turo gaskiya ne, amma gaskiyar da aka tsame aka ajiye. Hukumar da ta kwashe ɗaliban ita ce ke sauya rufin tun daga lokacin, kuma a 1976 aka sa ginin cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa.

Akwai waɗanda ba su tashi ba. John Walker, wanda ya sa hannu a ginin, ya haifi 'ya'ya goma sha ɗaya, mata bakwai. Lokacin da gandun ya zo, biyar daga cikin matan, Margaret da Polly da Martha da Louisa da Hettie, suna zaune a gidan mahaifinsu ba su yi aure ba, kamar mil guda daga makarantar. Suna noma abincinsu, suna kiwon tumaki, suna kaɗi da saƙa da kansu. Suka yi ƙememe suka ce ba inda za su. Hukuma ta san fitar da tsofaffin mata biyar da ƙarfi abin kunya ne a idon duniya, sai aka yi ta ja-in-ja, har daga bisani suka sayar da eka 122 da 'yan kai a kan dala 4,750, da sharaɗin su zauna a gidan har ƙarshen rayuwarsu. A 1946 mujallar Saturday Evening Post ta buga labarinsu, masu yawon buɗe ido suka fara tururuwa, su kuma suka riƙa sayar musu da soyayyen abincin tuffa da kayan saƙa da waƙoƙin da Louisa ke rubutawa da hannu. Da tsufa ya kama biyun da suka rage, a 1953 suka roƙi a cire allon da ke gayyatar baƙi zuwa gidansu. Louisa ce ta ƙarshe, ta rasu a 1964. Gidan nasu ma na gumagumai ne, yana nan.

Idan Allah ya kai ka ziyarar yaron, daga wurin shaƙatawa na Metcalf Bottoms akwai 'yar hanyar ƙafa da ba ta kai mil guda ba zuwa makarantar, akwai kuma hanyar tsakuwa ta mota da ake rufewa da hunturu. Ba a biyan kuɗin shiga gandun, sai dai na ajiye mota. Za ka tarar baƙi sun yi ta sassaƙa sunayensu a jikin itacen, abin da doka ta hana kuma yake ɓata wa masu kula da ginin rai, domin ba a goge irin wannan rubutu sai an ci naman gungumen. Kafin nan, ka ce wa ɗanka in ya koma ya tsuguna ya ɗauko maka kusurwa ɗaya daga kusa, da gungumen ƙasa inda ya hau kan dutse. A nan za ka ga gangaren da na faɗa maka, yana kallon waje.